Wasan farautar fatalwa da dokar da ta fi rikita 'yan wasa

A shekarar 1986 wani kamfanin wallafa wasanni na Amurka mai suna West End Games ya fitar da wani wasa da ake yi a kan tebur, wanda a cikinsa mutane ke shiga rigar masu farautar fatalwa, kuma sau da yawa su kwashi kashinsu a hannu ana ta dariya.

Sunan wasan Ghostbusters, kuma an gina shi ne a kan fim ɗin barkwanci mai wannan suna na shekarar 1984, wanda Ivan Reitman ya ba da umarni, Bill Murray da Dan Aykroyd da Harold Ramis da Ernie Hudson suka fito a ciki a matsayin masu kama fatalwa a birnin New York.

An daina buga wasan tuntuni, amma har yanzu masu sha'awar irin waɗannan wasanni na ambatonsa, saboda wata doka guda ɗaya da ta shafi yadda ake jefa dayis, wadda sababbin 'yan wasa suka fi yi wa gurguwar fahimta.

Wane irin wasa ne?

Irin wannan wasa ya samo asali ne daga Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka wallafa a shekarar 1974.

Mutane kaɗan ne kan kewaye tebur, kowa da takarda da fensir. Kowane ɗayansu yana ɗaukar matsayin wani mutum na ƙirƙira, ya ba shi suna da sana'a da hali. Mutum ɗaya kuma shi ne jagora: shi ke bayyana inda ake da abin da ke faruwa, shi ke magana da yawun duk wanda 'yan wasan suka ci karo da shi a cikin labarin.

Abin ya yi kama da tatsuniyar da masu sauraro ke da ikon sa baki a cikinta. Jagora zai ce ga wani gida da ake jin motsi a cikinsa da tsakar dare, sai ɗan wasa ya ce shi zai buɗe ƙofa, wani ya ce shi gudu zai yi. Idan abin da mutum ke son yi yana da wuya, to a nan ne ake jefa dayis, wato ƙwayar nan mai fuska shida da aka sani a wasan lido, domin a ga ko ya dace.

Ba a sa kuɗi, kuma babu wanda ke cinye wani. Duk 'yan wasan ɓangare ɗaya suke.

Wannan bai hana irin waɗannan wasanni shan suka ba a Amurka ta shekarun 1980, lokacin da wasu ƙungiyoyin iyaye da na addinin Kirista suka zarge su da koya wa yara tsafi. A cikin wannan yanayi ne Ghostbusters ya fito, alhali kayan aikinsa ba su wuce 'yan littattafai da katuna da dayis ba, fatalwowinsa kuma na ban dariya ne.

Wanda ya tsara tsoro shi ya tsara raha

Mutum uku ne suka tsara wasan: Sandy Petersen da Lynn Willis da Greg Stafford, dukansu na kamfanin Chaosium da a lokacin yake jihar Kalifoniya.

Petersen shi ne ya tsara Call of Cthulhu a shekarar 1981, wasan da aka gina a kan labaran marubucin nan H.P. Lovecraft, wanda kuma ake ɗauka a matsayin babban wasan ban tsoro na wannan fanni. A can, duk abin firgici da mutum ya gani yana zaftare masa hankali, kuma galibi ƙarshen mai bincike shi ne hauka ko mutuwa.

A Ghostbusters kuwa kayan labarin kusan iri ɗaya ne: gidajen da aka ƙaurace musu, tsofaffin littattafai, halittun da ke neman halaka duniya. Abin da ya bambanta shi ne sakamakon kuskure. Wanda ya yi kuskure a wasan farko yana iya rasa ransa. Wanda ya yi a na biyu sai dai ya tashi jiƙe da koren yauƙi, ko ya ƙona labulen otal a aiko wa kamfaninsa da takardar biyan diyya.

Yadda ake gina ɗan wasa

Kowane mafarauci yana da siffofi huɗu: ƙwaƙwalwa, ƙarfin jiki, zafin nama, da natsuwa. Ana bai wa ɗan wasa maki 12 ya raba a tsakaninsu, da sharaɗin kada wata siffa ta gaza 1 ko ta wuce 5.

Ma'anar lambar ita ce yawan dayis ɗin da zai jefa. Mai ƙwaƙwalwa 5 yana jefa guda biyar idan abin ya shafi tunani, ya haɗa jimillarsu, a gwada da lambar da jagora ya yanka. Aiki mai sauƙi 5 ne, matsakaici 10, mai wuya 20, wanda kuma ake ganin ba zai yiwu ba 30. Idan jimillar ta kai ko ta wuce, an yi nasara.

A ƙarƙashin kowace siffa akwai gwaninta guda da mutum zai zaɓa, kamar tuƙin mota ko iya shirga ƙarya. Gwanintar tana ƙara dayis uku, amma sai lokacin da aikin ya yi daidai da ita. A nan ne ake yawan jayayya a tebur, domin ɗan wasan da ya zaɓi gwanintar girki zai yi ta ƙoƙarin nuna cewa harhaɗa sinadarai a ɗakin gwaji ma ai girki ne. Jagora ke yanke hukunci, kuma a wasa irin wannan, hujjar da ta sa kowa dariya ba ta cika faɗuwa ba.

Dayis mai hoton fatalwa

A cikin kwalin wasan akwai dayis guda da ya fita daban. Fuskokinsa biyar na ɗauke da lambobi 1 zuwa 5 kamar kowane, amma a gurbin 6 an sa hoton fatalwar nan ta tambarin fim ɗin.

Dokar ita ce duk lokacin da za a yi jifa, dole wannan dayis ya kasance a ciki. Ba ƙari ba ne a kan adadin, ɗaya ne daga cikinsu. Mai jefa uku yana jefa biyu na gama-gari da shi na uku. Mai jefa guda ɗaya tak, to shi kaɗai zai jefa.

Idan fatalwa ta fito, abu biyu ne ke faruwa, kuma haɗa su wuri guda shi ke kawo ruɗani. Na farko, fuskar ba ta da maki: sifili ce, ba 6 ba. Na biyu, wata matsala za ta auku a cikin labarin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka cewa fitowar fatalwa na nufin aikin ya ci tura. Ba haka dokar take ba. Ana haɗa sauran dayis ɗin kamar kullum. Idan sun kai lambar da aka yanka, mutum ya yi abin da ya sa gaba, sai dai da wata 'yar ɓarna a gefe. Idan ba su kai ba, to gazawa ta haɗu da tsautsayi, kuma a nan ne jagora ke sakin hannunsa.

A ɗauki misalin wani likitan haƙori da ya koma farautar fatalwa, mai ƙwaƙwalwa 5, ƙarfi 1, zafin nama 3, natsuwa 3. Fatalwa ta biyo shi a ɗakin girkin wani otal, yana son tsallake wani tebur, jagora ya yanka 10.

Idan ya sami 6 da 5 da fatalwa, jimilla 11 ke nan. Ya tsallake, amma jagora na iya cewa wandonsa ya maƙale a ƙusa ya tsage, a gaban manajan otal ɗin. Idan kuwa 3 da 2 da fatalwa ya samu, bai tsallake ba, ya kuma faɗa cikin tukunyar miya, na'urar da ke goye a bayansa ta fara harbi da kanta.

Lissafin da ke bayan wannan tsari yana da ban sha'awa. Da dayis uku na gama-gari, damar kaiwa 10 ta haura kashi 62 cikin ɗari. Da aka maye gurbin ɗaya da mai fatalwa, sai ta sauko zuwa rabi cif. Haka kuma mai siffa 3 ba zai taɓa wuce 17 ba, don haka aiki mai wuya ya fi ƙarfinsa sai da taimako.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, yawan dayis ba ya korar fatalwa. Gwanin da ke jefa takwas da ragon da ke jefa ɗaya, kowannensu na fuskantar haɗarin sau ɗaya cikin shida. Ƙwarewa na ƙara wa mutum damar yin nasara, amma ba ta kare shi daga jin kunya, kuma da gangan masu tsara wasan suka yi haka, domin haka jaruman fim ɗin suke: masana kimiyya ne da ke ceton birni, amma sai sun ragargaza rabinsa.

Akwai kuma wata ƙa'ida da 'yan wasa kan yi ƙorafi a kanta. Idan jagora ne ya yi jifa a madadin wata fatalwa, hoton kuma ya fito, ba fatalwar ce ke shan wahala ba. Mafarautan ne dai za su sha. Ko ta ina aka juya, wannan fuska ba ta goyon bayansu.

Makin yabo

Abin da ke rage wa 'yan wasa zafin wannan rashin adalci shi ne wasu maki 20 da kowa ke farawa da su, waɗanda za a iya kira makin yabo.

Duk maki ɗaya da mutum ya kashe yana saya masa ƙarin dayis ɗaya. Sharaɗin shi ne ya faɗi nawa zai kashe kafin ya yi jifa. Wanda ya ga sakamako bai yi masa daɗi ba sannan ya ce zai ƙara, ya makara.

Waɗannan maki su ne kuma ke tsayawa a matsayin lafiyar jiki. A yawancin wasannin wancan zamani, mutum na da adadin rai da ke raguwa da kowane sara har ya mutu. A nan, wanda ya faɗo daga bene yana asarar makin yabo ne, ya kwana biyu a asibiti, ya dawo bakin aiki. Yana ma iya kashe maki ya kauce wa faɗuwar, muddin zai kawo bayanin yadda ya tsira, misali cewa wata motar katifu ce ta zo wucewa daidai lokacin.

Ana mayar wa mutum da makin idan an kammala aiki, gwargwadon kyawun yadda aka yi shi, haka nan idan ya cimma burin da ya zaɓa wa kansa tun farko, kamar neman dukiya, ko suna, ko yi wa jama'a hidima.

Tasirin wannan a kan tebur a bayyane yake. Ɗan wasan da ke tsoron mutuwar mutumin da ya ɓata makonni yana ginawa, zai riƙa ɗari-ɗari, ya ƙwanƙwasa kowane bango kafin ya taka. Wanda ya san iyakar abin shi ne gadon asibiti, shi zai fara danna jan maɓallin da aka rubuta kada a taɓa.

Da aka ƙara bayani

Wasan ya sami lambar yabo ta H.G. Wells a matsayin wanda ya fi kyawun dokoki a shekarar 1986.

A shekarar 1989, lokacin da kashi na biyu na fim ɗin ya fito, West End Games ya sake wallafa shi da sunan Ghostbusters International, wanda Aaron Allston da Douglas Kaufman suka yi wa kwaskwarima. Sabon bugun ya cike guraben da na farko ya bar wa jagora: an ƙara ƙa'idojin faɗa da na rauni, da hanyar auna girman nasara ko gazawa.

Tambayoyi da dama sun sami amsa a rubuce, sai dai da yawa daga cikin masu sha'awar wasan sun ci gaba da fifita bugun farko. Hujjarsu tana da ƙarfi: a wasan barkwanci, duk mintin da aka ɓata ana duba littafi, raha ce ke hucewa, kuma abin da fatalwa za ta jawo ya fi daɗi idan daga kan jagora ya fito nan take.

Tsarin jefa tarin dayis a haɗa jimilla kuwa ya yi nisan kwana fiye da wasan da ya haife shi. Greg Costikyan ya ɗauke shi ya faɗaɗa a wasan Star Wars da kamfanin ya fitar a shekarar 1987, wanda littattafansa suka zama madogara ga marubuci Timothy Zahn lokacin da yake rubuta Heir to the Empire na shekarar 1991. A bugu na biyu na wasan Star Wars ɗin, a shekarar 1992, an dawo da dabarar dayis guda da ya fita daban, mai iya jawo matsala ko ƙarin sa'a.

West End Games ya durƙushe a shekarar 1998. Sandy Petersen kuwa tun a shekarar 1993 ya koma kamfanin id Software, inda ya tsara da yawa daga cikin matakan wasan kwamfuta na Doom.