Ga ta Kyauta a Ƙofar Gida, Me Ya Kai Shi ta Kuɗi?

A shekarar 2019 gwamnatin Kano ta ayyana cewa karatun firamare da sakandare kyauta ne, kuma dole. Amma wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo da sanyin safiya, ta wajen Kabo, zai ga yara uku huɗu a bayan babur, an wuce da su ta ƙofar firamaren garinsu zuwa wata makarantar kuɗi. Uban manomi ne, sai ya sayar da dawa ko akuya kafin ya biya kuɗin zango. Me ya kai shi?

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin 'yan birni ita ce ƙin boko. Tun 1976, da gwamnatin soja ta Obasanjo ta kawo shirin firamare ga kowa, ake ɗora wa mutanen karkara wannan laifi. Sai dai bai zauna a nan ba, domin inda aka kai yaron ma Turanci da lissafi ake koyarwa, har da jarrabawa.

To ko neman suna ne? Leƙa makarantar ka gani. Sau da yawa gidan haya ne mai ɗakuna huɗu, ba filin wasa, malaman kuma albashinsu bai kai na gwamnati ba. Ba abin tinƙaho a ciki.

Zato na uku ya fi nauyi, wato tsoro. Gwarzo tana iyaka da Jihar Katsina. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, a Fabrairun 2021 kuma aka sace 'yan mata 279 a Jangebe ta Zamfara. Nan take Kano ta rufe makarantun kwana goma, ciki har da ta Ƙaraye, ta kuma rufe makarantar nazarin muhalli da ke Gwarzo. Tun daga lokacin iyaye da yawa ba sa son 'yarsu ta kwana inda ba za su iya zuwa su gan ta kafin magariba ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wannan ya warware batun makarantar kwana. Bai warware na ɗan aji biyu da ke dawowa gida da azahar ba.

Bakin zaren yana wurin da ba a cika dubawa ba: makarantar allo. Uban nan da ake cewa ba ya son biyan kuɗin karatu, tun kakanninsa ake ba malam kuɗin Laraba. Shi ya zaɓi malamin da kansa. In an yi wata da watanni yaro bai wuce Tabbat ba, zai je zaure ya ce, "Allah gafarta malam, yaron nan fa shiru." In shirun ya yi yawa, ya ɗauke shi ya kai wa wani alaramma a Getso ko Garo, ba takarda, ba neman izini. Haka Islamiyyar yamma take: jama'ar unguwa suka gina ta, su ke biya, su ke sallamar wanda ba ya zuwa aiki.

Yanzu dawo firamaren gwamnati. Malamin hukuma ce ta ɗauke shi, ita ta turo shi, ita kaɗai za ta iya canza masa wuri. Wataƙila mutum ne mai ƙoƙari, da yawansu haka suke, amma yara sun yi masa yawa, suna zaune a ƙasa. Gwamnati da kanta ta amsa wannan a watan Yunin 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Idan yaro ya kai aji biyar bai iya karanta wasiƙa ba, wa uban zai tunkara? Hedimasta zai ce ba shi da iko. Akwai kwamitin iyaye da al'umma, amma ba ya ɗaukar malami, ba ya sallamarsa.

Ashe abin da mai akuyar nan yake saye da kuɗinsa shi ne wanda zai amsa masa tambaya. Mai makarantar kuɗi ya san in yaro bai iya karatu ba, zango mai zuwa babur ɗin zai tsaya a wata ƙofar. Sannan 'ya'yan gida ɗaya ma ba buƙatarsu ɗaya ba: wannan hadda ake so ya yi, wancan ana hangen masa makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, ita kuwa yarinyar a samu inda akwai malamai mata da banɗaki, kusa da gida.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne maƙwabcinsa, da ba shi da akuyar sayarwa. Shi ma yana ganin littafin ɗansa fayau, shi ma ya san makarantar da ta fi. A Lakwaya ko Godiya, in firamare ɗaya ce kusa, zaɓin da ya rage masa biyu ne: ya bar yaron a ajin, ko ya tafi da shi gona.