Sakakken Harshe: Wata Dabarar Haɗa Katako da 'Yan Rakiyar Injinta

Masu nazarin sana'o'in Hausawa sun daɗe suna ba masassaƙi haƙƙinsa, amma kafinta ba a cika waiwayarsa ba, wataƙila don ana ganin sana'arsa baƙuwa ce, tun da har sunanta aro ne daga Turanci. To, amma baƙon da ya shekara ɗari a gari ai ya zama ɗan gari. Manufar wannan maƙala ita ce a yi bayanin wata dabara ta haɗa katako da katako ba tare da ƙusa ba, da injin da aka ƙera dominta a ƙasar Jamus, da ƙananan kayan da wasu maƙera na dabam suke yi wa injin don su cike giɓinsa. Sa'an nan a duba abin da wannan zai amfana wa kafintocin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, a kudancin Jihar Kano.

Sassaƙa da Haɗi

Aikin masassaƙi ragewa ne. Yakan sami gungumen ƙirya ko na maɗaci, ya sa gatari da gizago ya yi ta cire abin da ba ya so, har turmi ko akushi ko kujerar zaman mata ta fito. Babu mahaɗi a jikin turmi, saboda haka babu inda zai kwance. Sai dai ya tsage. Wuri guda da masassaƙi yake fuskantar matsalar haɗi shi ne ƙota, inda ake huda kan itacen a cusa tsinin ruwan fartanya ko na gatari. Kowane manomi ya san abin da yake faruwa da wannan mahaɗi idan rani ya yi nisa: ruwan fartanya ya dinga girgiɗi, sai an jiƙa ƙotar ko an soka mata 'yar tsinke kafin ta kama.

Dalilin wannan girgiɗi shi ne tushen duk maganar da za ta biyo baya. Itace, ko bayan an sare shi, yana shan laima daga iska, yana kuma fitar da ita. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke, kuma wannan motsi ta faɗinsa yake yin sa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Ƙarfe kuwa ba ruwansa da laima. Don haka duk inda aka haɗa itace da ƙarfe, ko ƙota ce ko ƙusa a jikin ƙafar benci, kowace shekara ramin yana ƙara saki kaɗan. Wanda ya taɓa zama a kan bencin makarantar firamare da ya shekara uku ba ya bukatar a yi masa ƙarin bayani. Haka gadon amarya da aka yi wa ado da madubi da fenti mai ƙyalli, alhali ƙusa huɗu ce take riƙe da kowace kusurwa: iyaye sun sayar da amfanin gona sun saya, kafin a yaye ɗan fari ya fara kuka.

Rami da Harshe

Maganin da kafintocin duniya suka daɗe da sani shi ne a sa itace ya riƙe itace. A fafe rami mai kusurwa huɗu a jikin katako ɗaya, a fiƙe bakin ɗayan ya zama kamar harshe daidai girman ramin, a shafa gam a cusa. Kafintocinmu sun san wannan, suna yin sa da zarto da cizal a jikin ƙofofi da firam ɗin taga idan mai aiki ya biya kuɗin wahalar. A wannan maƙala za mu kira shi rami da harshe.

Akwai kuma ƙanensa, wanda shi ne abin maganarmu. Maimakon a fitar da harshen daga jikin katakon, sai a fafe rami a duka katakan biyu, a kawo wani ɗan guntun itace na dabam a cusa rabinsa nan, rabinsa can. Wannan guntu shi muka laƙaba wa suna sakakken harshe, domin ba a jikin kowa ya tsiro ba. Wani ɗalibi yana iya fifita a ce masa ɗan tsakani, kuma ba zan yi jayayya da shi ba, don aikin nasa ke nan. Dabarar ba sabuwa ba ce. Jirgin ruwan Fir'auna Khufu, wanda aka tono a gindin babban dalar Giza ta Masar a 1954, mai tsawon fiye da mita 43, an jera katakansa da irin waɗannan guntaye tare da ɗaurin igiya, shekaru wajen dubu huɗu da ɗari biyar da suka wuce.

Wahalar dabarar guda ɗaya ce: dole ramukan biyu su fuskanci juna daidai wa daida. In ɗaya ya goce ko da kaurin farce ne, fuskokin katakan ba za su daidaita ba. Da cizal ana iya yi, amma aikin yini ne a kan abin da ƙusa za ta gama kafin a sha ruwa.

Injin

Kamfanin Festool na Jamus ya fito da wani injin hannu mai suna Domino a tsakiyar shekarun 2000, ya kuma shiga kasuwar Amurka a 2007. Bakinsa kamar na injin huda yake, sai dai yayin da yake juyawa yana kuma kaɗawa dama da hagu, don haka da an danna shi a jikin katako sai ya bar rami mai tsawo, mai zagayayyun gefuna, cikin 'yan daƙiƙu. Ƙaramin samfurin, DF 500, yana ɗaukar baki mai kaurin milimita 4, 5, 6, 8 da 10, zurfinsa kuma bai wuce milimita 28 ba. Babban, DF 700, yana ɗaukar 8 zuwa 14, yana nutsawa har milimita 70, don ƙofofi da manyan tebura. Kamfanin yana sayar da harsunan a shirye cikin kwali. Yawancinsu na wani itacen Turai ne, amma waɗanda aka tanada don aikin da zai sha ruwa da rana na sipo ne, wani ɗan'uwan maɗaci da yake fitowa a kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Wato itacen yankinmu ne yake tafiya Turai a gungume, ya fito a guntaye ƙirgaggu.

'Yan Rakiya

Da injin ya bazu, sai masu aiki da shi suka fara gano inda ya gaza, kuma ba su jira kamfanin ba. Ƙananan maƙera, musamman a Amurka, suka shiga ƙera abubuwan da ake ɗaura masa. Su ne muka kira 'yan rakiya, domin ba gida ɗaya suka fito da injin ba, hanya ce ta haɗa su.

Mafi shahara a cikinsu wani farantin alminiyam ne mai suna Domiplate, na kamfanin Seneca Woodworking. Injin yana da wata katanga a gabansa da ake ɗagawa ko saukewa don a tsai da nisan rami daga fuskar katako. Matsala biyu ta taso. Ta farko, ma'aunin katangar na milimita ne, kafintan Amurka kuwa da inci yake aiki. Ta biyu, wasu sun koka cewa in aka yi ta danna injin, katangar takan zame kaɗan ba a lura ba, sai rami na hamsin ya saɓa da na farko. Farantin ba shi da abin kwancewa ko ɗaurewa. Gefe ɗaya an yanke shi don katako mai kaurin rabin inci, ɗayan don mai kashi uku cikin huɗu na inci, shi ke nan. An rage wa injin iyawa da gangan domin a ƙara masa gaskiya, kuma mutane suka biya kuɗi don a yi musu wannan ragi.

Wannan kamfani ya kuma yi wani ɗan mahaɗi da yake ba babban injin damar ɗaukar ƙananan bakunan ƙaramin, don kada mutum ya sayi inji biyu. Wasu kamfanoni, irin su CMT na Italiya, suna ƙera bakunan kansu masu shiga injin. Akwai masu yin faffaɗan gindi don kada injin ya karkata idan an tsai da shi a tsakiyar falanki, da masu yin sanda mai 'yan tsayawa a jere don tazarar ramuka ta zo ɗaya ba sai an auna ba. Kafintoci da yawa kuma sun daina sayen harsunan kwali, suna fere nasu daga ragowar katako.

In aka duba da kyau, ban da bakunan, kusan babu ɗaya daga cikin waɗannan kaya da yake yanka itace. Aikinsu shi ne riƙe awo, su ɗauke shi daga ido da hannun mai aiki su mayar da shi jikin wani abu da ba ya gajiya. Wannan kuwa ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Maƙeri yana ƙera ruwan gizago, amma masassaƙi ne yake yi masa ƙota daidai hannunsa, kuma ba wanda ya taɓa cewa sai ƙotar da maƙeri ya amince da ita. Tela ma yakan yanka kwali ya ajiye don wuyan riga ya riƙa fitowa iri ɗaya.

Kudancin Kano

Ba na tsammanin kafintan Kwanar Ɗangora ko na Tudun Wada zai sayi Domino. Kuɗinsa ya haura dala dubu, ba ya aiki sosai sai an haɗa shi da injin zuƙe ƙura, ga kuma halin da wutar lantarki take ciki a karkara. Wanda ya ce a raba wa kafintocin ƙauye irin wannan inji da sunan tallafi, bai san inda ƙaya ta soke su ba.

Inda ta soke su shi ne katako. Wannan yanki shi ne mafi yawan itatuwa a Jihar Kano, a nan dajin Falgore yake, a kan hanyar Kano zuwa Jos, mai doka da maje da kawo da marke. Amma gandun gwamnati ne da doka ta hana sara a cikinsa, kuma masu gawayi da masu itacen girki sun riga sun rage abin da yake wajensa. Kafinta yakan dogara da katakon da aka yo lodinsa daga kudu zuwa kasuwanni irin 'Yan Katako ta Na'ibawa a birnin Kano, ya biya kuɗin itace ya biya na mota. Lamarin ya wuce Kano: a 2017 aka sa maɗobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe, a taron 2022 kuma aka ƙara da dangin maɗaci da na kawo na Afirka.

A nan ne sakakken harshe yake da magana. A tsohuwar hanya, in ana son sanda mai tsawon santimita 60 tsakanin ƙafafun tebur, dole a yanko mai 68 ko 70, domin harsunan gefe biyu daga jikinta za su fito, abin da aka fere kuma ya zama gari. A sabuwar hanya 60 ɗin za a yanka cif, harsunan su fito daga guntayen da a da almajirin shago yake kwashewa a kai murhu. Ga ƙarin riba: ana iya yin jikin kujera da itace mai araha kamar malaina ko darbejiya, a yi harshen da guntun marke ko ƙirya, ƙarfin ya taru a inda ake bukatarsa.

Ramin kuma ba sai da injin Jamus ba. Injin huda na hannu, wanda yanzu akwai shi a shaguna da yawa har da mai batir, yana iya yin huji uku ko huɗu a jere, a share tsakaninsu da cizal. Abin da ya rage shi ne ɗan rakiya: guntun katako mai tauri ko ƙarfe, mai huji a jere da leɓe a gefe ɗaya da zai kama fuskar katako, a ɗora shi nan a huda, a ɗora shi can a huda, ramuka su fuskanci juna. Kamfanonin Amurka suna sayar da irinsa, amma mai walda na bakin kasuwa zai iya yin sa da guntun ƙarfe da 'yan bututu in an zana masa. Sharaɗi guda shi ne kullum a ɗora leɓen a fuskar da za ta kalli waje, a katakan biyu duka, kuma a yi wa fuskar alama da fensir tun kafin a fara.

Sai maganar bushewa, wadda injin da 'yan rakiyarsa duka ba su da maganinta. Katakon da ya zo daga kurmi yakan iso da sauran laima a jikinsa. In aka fere harshe daga ɗanyen guntu aka cusa a watan Agusta, zuwa Janairu ya tsuke a cikin raminsa, a koma gidan jiya. Harshen ya kamata ya fi katakan da zai haɗa bushewa, domin in ya sha laima ya kumbura ya ƙara kamawa. Kafintan da zai bi wannan hanya sai ya tara guntayensa tun hunturu, ya ajiye su a rataye cikin buhu kusa da rufin kwano, ya riƙa ɗiba har ƙarshen damina.