Abin da ke sa ƙafar keken lantarki nauyi da ƙara, da yadda za a gano shi

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keken lantarki ya samu karɓuwa a biranen Arewa, musamman a wajen ma'aikata da 'yan kasuwa masu neman sauƙin kuɗin zirga-zirga. Sai dai idan keken ya kwana biyu a hannu, akan fara jin koke iri biyu: ko ƙafar ta yi nauyi kamar ana riƙe ta, ko ta riƙa wata ƙara da ba a saba ji ba. Da yawa sukan yanke hukuncin cewa injin ya mutu, su biya kuɗin sabo, alhali sau tari ɓarnar ba ta kai haka ba.

A yawancin waɗannan kekuna, injin yana cikin cibiyar ƙafar baya, kuma iri biyu ne. Akwai babba mai faɗi wanda ba shi da giya; maganaɗisun da ke cikinsa kan sa a ji ɗan nauyi ko da lafiyarsa ƙalau. Akwai kuma ƙarami mai haƙoran giya, galibi na roba mai tauri, wanda ɗan kukan da yake yi a lokacin tafiya ba ciwo ba ne. Abin damuwa shi ne nauyi ko ƙarar da suka zo daga baya.

Hikimar ita ce a fara bincike daga abu mafi araha. A kashe keken, a cire batir, a ɗaga ƙafar sama, sannan a juya ta da hannu. Idan tana gogar wani abu a wuri ɗaya a kowane zagaye, to birki ne ke taɓawa, ko faifansa ya lanƙwashe. A duba iskar taya, domin taya maras iska tana jan keke baya kuma tana shanye caji. A taɓa wayoyin da ke riƙe da ƙarfen taya. Waɗanda suka saki su ne ke ƙas-ƙas idan an ɗora kaya. A tabbatar notocin ƙafar a ɗaure suke.

Idan duk waɗannan lafiya suke, sai a koma ga lantarki. Daga injin akwai wayoyi masu kauri 3, galibi rawaya da kore da shuɗi, da ke zuwa kwantirola, wato akwatin da ke raba wa injin wuta. Muddin biyu daga cikinsu suka haɗu, ƙafar za ta yi tauri, tana tafiya tana cijewa. A zare mahaɗin injin daga kwantirola, a sake juyawa. Idan ta saki, laifin na kwantirola ne, kuma canza shi bai kai kuɗin inji ba. Idan ba ta saki ba, a duba inda wayar ta fito daga sandar tsakiyar ƙafa, domin nan ne ta fi yankewa idan keke ya faɗi. Mai inji mai giya ya juya ƙafar baya-baya, saboda a juyin gaba injin ba ya motsi.

Ita ma ƙara tana faɗin inda ciwon yake. Gurnani da karkarwa a lokacin tashi, musamman idan sai an tura keken kafin ya ɗauka, alama ce ta na'urori 3 da ke sanar da kwantirola matsayin ƙafar, ko siraran wayoyinsu 5 sun yi tsatsa a mahaɗi. Ƙara mai kama da niƙa, wadda ba ta tsayawa ko an kashe wuta, ta boris ce. Idan aka girgiza ƙafar gefe da gefe za a ji tana wasa. Idan kuwa injin na kuka amma keken ba ya tafiya, haƙoran giya sun cinye ko kulocin ciki ya saki. Duk waɗannan ana canza su ɗaya-ɗaya.

Ruwa da zafi su ne manyan abokan gaban wannan inji. Kutsawa cikin ruwan da ya kwanta a titi da damina, ko wanke keke da injin feshi, na shigar da ruwa ciki ya haifar da tsatsa. Lodin da ya fi ƙarfin inji mai wat 250 ko 350 kuwa yana dafa koyil, har ya sa maganaɗisu ya ɓalle ya riƙa goga. Wanda ya ji ƙauri, ko murfin injin ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, ya tsaya nan take.

Buɗe injin aikin bakanike ne da ya san lantarki. Amma kafin a amince da sayen sabo, mai keke ya nemi a zare mahaɗin a gabansa, a auna wayoyin da mita, a kuma nuna masa abin da ya lalace.