Ko Kun Sani?

Waƙar da aka rera a Alshajara ko Omdurman a ƙasar Sudan tana da kariyar doka har a kasuwannin Kano. Sudan ta shiga Yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka a 2000, Nijeriya kuwa tun 1993, kuma yarjejeniyar ba ta sharɗanta rajista ba. Idan wani ya ɗora waƙar a YouTube ba da izini ba, mai ita na iya kai ƙorafi a sauke ta, bisa dokar Amurka ta 1998. Wasu na tsoron maƙaryata za su ci zalin mutane ta nan, amma wanda aka zarga yana da damar musantawa, kuma in mai ƙorafi bai je kotu ba, sai a mayar da waƙar. Mawaƙa, ku nemi haƙƙinku.