Mene ne ma'anar lambobin jikin taya?

Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun sha jan kunnen direbobi kan tayoyin gwanjo, amma masu tsofaffin motoci da yawa ba su iya karanta rubutun gefen taya ba.

A ce an rubuta 195/65 R15. Lamba 195 faɗin tayar ce da milimita, 65 tana nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, 15 kuma girman rim ne da inci. Idan girman da kamfani ya sa ya yi wuyar samu, a nemi wanda tsayinsa gaba ɗaya bai bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari ba. In ya zarce, mitar gudu za ta riƙa ƙarya, tayar ma tana iya gogar jikin mota a kwana. Lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT lokacin ƙira ne: 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Bayan zaɓen taya, sai ɗaurin noti. Mai faci yakan taka sifana da ƙafa, wannan kuwa yana cinye zare ko ya karya ƙarfen da ake ɗaura notin a kai. Kowace mota da awon ƙarfin ɗaurinta a littafinta. Yawancin Toyota Corolla 103 Nm ne. A ɗaura noti ɗaya, a tsallaka zuwa na ɗaya ɓangaren, sannan a sake dubawa bayan tafiyar kilomita 50.