Batirin da ke shaƙar iska

Duk wanda ya taɓa ɗaukar batirin mota ya san nauyinsa. Dalili shi ne dukan abubuwan da ke haifar da wutar a cikinsa suke. Amma akwai wani iri da masana suka daɗe suna aiki a kansa, wanda ƙarfe kawai ake sa masa, sauran kuwa daga iska yake ɗauka ta wasu ƙananan kafofi. In iskar oksijan ta gamu da ƙarfen, sai ya ci, wuta ta fito.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekara ta 1932 Heise da Schumacher, a ƙasar Amurka, suka ƙera irin na tutiya, aka riƙa amfani da shi wajen fitilun hanyar jirgin ƙasa. Ƙanensa ne ake sa wa na'urar taimakon ji ta kurame, mai ƙarfin bolt 1,4. Sai dai in ya ƙare, jefarwa ake yi.

Wuyar aikin tana wajen sake cika shi. In aka mai da masa wuta, tutiyar ba ta komawa mazauninta sumul. Tsiro take yi kamar ƙaya, har ta huda shamakin da ke tsakani, batirin ya mutu. Kafar iskar kuma ba ta zaɓe: iskar kabon tana shiga ta ɓata ruwan, ta toshe hanya, ruwan kansa yana ƙafewa. Wanda ya san hunturun Damagaram ya san wannan ba ƙaramin cikas ba ne.

Wani kamfanin Amurka, Form Energy, da aka kafa a 2017, ya koma ga baƙin ƙarfe. Batirinsa tsatsa yake yi in yana ba da wuta, in ana cika shi tsatsar ta koma ƙarfe. Yana iya aiki awa 100 a jere, kuma ƙarfe ya fi lityom araha nesa. Aibinsa shi ne wajen rabin wutar da aka zuba masa ɓacewa take, ga girma ga nauyi, ba na mota ba ne.

Ga ƙasa irin Nijar, wadda ta buɗe tashar wutar rana a Malbaza a 2018 da ta Goru Banda a 2023, rana ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ake nema shi ne rumbu mai araha da zai ajiye wutar zuwa dare.