Ziyarar Sakkwato Da Kewayenta Ba Sai Mai Hannu Da Shuni Ba

Magidanta da yawa sun ɗauka cewa fita da iyali yawon buɗe ido aikin masu hannu da shuni ne. Alhali kuwa wanda ya yi ɗan tanadi kafin hutun makaranta zai iya kai 'ya'yansa birnin Sakkwato da garuruwan kudu da shi ba tare da ya ci bashi ba.

Masauki da abinci su ne ke cinye kuɗi. Saboda haka mai ɗan'uwa a birni sai ya sauka wurinsa, uwargida kuma ta haɗa guzurin dambu da ƙuli-ƙuli tun daga gida. Ranar farko a kai yara Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817.

Kashegari da sassafe a shiga motar haya zuwa Boɗinga. Nan ne ya kamata a daɗe, domin a Sifawa, kusa da garin, Shehu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana Boɗinga. Yaron da ya taka wannan ƙasa da ƙafarsa da wuya ya manta darasin tarihin da malami ya sha wahalar cusa masa a aji.

Gaba kaɗan a hanyar Jega ga garin Shagari, inda aka binne Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, a watan Disamba na 2018.

Lokacin sanyi ya fi dacewa, don zafin bazarar Sakkwato ba na ƙananan yara ba ne. A kuma juyo gida kafin magariba.